Askin Inabin Gangare

Talata, 4 ga Maris, da hantsi

Sun zo sun yaye zanin gadonta. Na ce su bari. Suka ce wanki ne kawai. To, wanki.

Ban saba rubutu ba. Aji biyu na yi a ƙauyenmu, sauran baƙaƙen a soja na tsince su, wani kofur ya cusa mini su da zagi. Amma tun da na auri Tsonka, in abu ya ci mini rai ita nake gaya wa, ta ce, "To na ji, ci abincinka." Yanzu gadon can babu kowa, bango kuma ba ya cewa to na ji. Shi ya sa.

An kawo miyar wake. Babu gishiri.

Laraba, da yamma

Rumyana ta kira daga Sipaniya. 'Yata ce, ita kaɗai gare mu. A can tsofaffin wasu take wankewa, ta ɗaga su ta kwantar, nata tsofaffin kuwa ta kawo mu gidan tsofaffin nan ta ajiye, wai gidanmu akwai matakala, wai rijiya da nisa. Ta ba maƙwabci jakina. Gonar inabina ban tambaya ba, ita ma ba ta faɗa ba.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Sun ce Mama ta buɗe ido."

"To."

"Baba, ka ji ni da kyau. Ba laifinka ba ne. Ko wane ne a ɗakin..."

Na ce mata ana kiran abinci. Ba a kira ba.

Alhamis, da safe

Zaren yana nan a wuyan hannuna. Ranar Asabar, ɗaya ga wata, Tsonka ta ɗaura mini shi, zaren martenitsa na tarbar bazara, kamar kowace shekara, ja da fari, ita ta murza da kanta daga tsohuwar rigar sanyi. Ta ɗaure tam har ya kama fata. Na ce, "Ke tsohuwa, akuya kike ɗaurewa?" Ta ce, "Akuya ta fi ka jin magana. Kada ka cire sai ka ga shamuwa." Kamar yau aka haife ni a Bulgeriya.

Wannan da safe ne. Na bayan abincin rana ba zan rubuta ba.

Kujerar ɗakin nan zurfi gare ta. Wanda ya ƙera ta bai taɓa tsufa ba. Tun bara nake faɗa musu.

Juma'a, da hantsi

Desi ta leƙo. Ita ce mai motsa mana jiki. Kullum da hantsi sai ta tara tsofaffi a ɗakin cin abinci, ta kunna rediyo, ta ba kowa ƙwallo.

"Kaka Dobri, yau za ka zo?"

Tun zuwanmu take wannan tambayar, tun zuwanmu amsa ɗaya take samu. Ni da na yi aikin inabi a gonar haɗin gwiwa tun gemu bai fito mini ba, ni da nake saɓa kwandon da mutum biyu ke kamawa, yanzu in ɗaga ƙwallo in sauke, in ɗaga in sauke, a tashi ƙwallon bai je ko'ina ba? Mutum yana motsi ne don wani abu ya tashi daga nan ya koma can. In ba haka ba hauka ce, ko da rediyo.

Tsonka takan je. Takan dawo tana haki ta ce, "Kai dai yi ta zama, wata rana kujerar nan za ta haɗiye ka."

Na ce wa Desi ta ja mini ƙofa.

Asabar

Mako guda.

Litinin, da tsakar rana

Sun dawo da ita daga asibitin birni. Ba nan ba. Gangare.

Mu masu iya kai cokali baki da zuwa ban-ɗaki da kanmu a ginin sama muke. Wanda ya kasa, sai a sauke shi ginin ƙasa, can ƙarshen tsakar gida inda jerin inabi ya ƙare. Yana da suna a jikin ƙofa, amma Gangare kowa ke cewa.

Desi ta zo da keken guragu har bakin ƙofata.

"Kaka Dobri, hau in tura ka ka gan ta."

"Fitar da shi."

"Haba, Kaka, yanzu za mu je mu dawo."

"Wa kika taɓa turawa a keken nan ya gangara ya dawo?"

Ta san babu. Daga tagar nan muke kallonsu ni da Tsonka, in an bi da mutum ta gefen inabin an rufe masa gwiwa da bargo, sai ta yi alamar gicciye. Ranar da aka gangara da wani malamin makaranta ne ta ce mini, "Dobri, ko ni ko kai, dole ɗaya ya tsaya da ƙafarsa, don ya kai wa ɗayan ruwa." In ta buɗe ido ta gan ni a keke da bargo a gwiwa, me za ta ce a ranta? Shi ke nan, an kawo shi shi ma.

"To ka taka da ƙafarka mana," in ji Desi.

Na ce sai na ga dama.

Talata

Ban ga dama ba.

Laraba, da yamma

Ruwa aka wuni yi. Ban je ba.

Daga ɗakina zuwa ɗakin cin abinci akwai ƙarfen riƙewa a jikin bango. A tsakar gida babu bango. Na faɗa ne kawai.

Alhamis, bayan abincin rana

Tanyo ya zo ya zauna a teburina ba wanda ya kira shi. Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya girme ni, yana tafiya da ƙarfen nan mai ƙafa huɗu, ƙwas ƙwas ƙwas, shi ne ɗan gaban goshin Desi a wurin ɗaga ƙwallo.

"Na je na gaishe da matarka," ya ce.

"Wa ya aike ka?"

"To ai mijinta babban mutum ne, ba ya fita. Na ce bari talaka ya je. Dobri, in ka gaji da ita ka faɗa, ni har yanzu da sauran haƙori uku."

"Biyu ne. Ina gani."

"Na ukun yana ciki, na ajiye shi don biki."

Ya yi ta juya cokali a kofi. Can ya ce, "Ba ta ci, ka sani ko? In an kawo cokali sai ta datse baki. Ɓarin jikinta da bai shanye ba ma ta juya musu shi."

Na ce shayin nan ruwa ne zalla.

Ya ce, "Tsohon jaki." Ya tashi, ƙwas ƙwas.

Juma'a, da hantsi

Na wuni a taga. Ba Gangare nake kallo ba, inabin nake kallo.

Abin kunya. Ranar Waliyyi Trifon, ranar askin inabi, ta wuce tun watan jiya, ko'ina a ƙasar nan an yi wa inabi aski an zuba masa giya a gindi, na gidan nan ko taɓa shi ba a yi ba. Bara Nasko mai gyare-gyare ya bi shi da injin yankan shinge, kamar kan ɗan kurkuku. Rassa sun cakuɗe, busasshe da ɗanye, wasu sun sauka daga kan waya suna jan ƙasa. Wanda ya dasa jerin nan ya san hannunsa, dirka bayan dirka tun daga bakin ƙofarmu har ƙasa, tsayin ƙirjin mutum. Da yana da rai da ya yi kuka.

Almakashina yana cikin takalmin sanyi, ƙafar hagu. Ranar da aka kawo mu sun karɓe wuƙata, ba su duba takalmi ba.

Asabar, da hantsi

Na aske guda ɗaya, na bakin ƙofa. Hannun hagu a kan dirka, na dama yana aiki. Na cire busassu, na bar idon toho biyu a kowane reshe, yadda ake yi. Hannu bai manta ba.

Ƙafafun ne. Rawa suke yi kamar ba nawa ba. Na dawo ɗaki na kwanta har aka kira abinci ban ji ba.

Ba wani wuri na nufa ba. Inabi nake askewa.

Lahadi, da yamma

Fada, limamin coci, ya zo ya yi addu'a a ɗakin cin abinci. Daga nan ya sauka Gangare. Na ga ya daɗe.

Na aske biyu.

Litinin, da hantsi

Desi ta kama ni. Ina tsaka da aiki na ji ta a bayana.

"Kaka Dobri, mene ne wannan a hannunka?"

"Cokali."

"Cokali mai baki biyu?"

"Irin na ƙauyenmu ne."

Ta tsaya tana kallon jerin, daga inda nake har ƙasa, ta daɗe tana kallo. Na zaci za ta ce in ba ta. Sai ta ce, "Ni dai ban ga komai ba. Amma ka raba ƙafafunka, ka daina haɗe su kamar soja. Kuma kada ka saki dirka sai ɗayan hannun ya kama ta gaba."

Na ce, "Yarinya, ina riƙe dirka tun uwarki ba ta yi haƙori ba."

Ta ce, "Na sani, Kaka. Raba ƙafafun."

Na raba bayan ta tafi.

Talata, da tsakar rana

An yi ta ihu a tsakar gida, wai shamuwa ta iso, tana kan turken lantarki can ƙasa. Tsofaffi suka fito kamar an buɗe wa kaji, kowa yana kwance zarensa yana ɗaurawa a itacen da ya fara fure. Tanyo ya ɗaura nasa ya kusa tafiya da reshen.

"Dobri, ɗaga kai! Ga ta can!"

"Ban ga komai ba."

"Makaho ne kai? Ga ta tsaye da ƙafa ɗaya, ta fi ka iya tsayuwa!"

Ban ɗaga ba. Ina da aiki a gabana.

Laraba

Na aske har na kai bencin da ke gefen jerin, kafin famfo. Miyar wake.

Alhamis, da yamma

Ranar likita ce yau. Ya shiga Gangare da jakarsa, ya fito, ya shiga mota. Desi ce ta zo ta gaya mini, ta zauna a bakin gadon da babu zani.

Ta ce ruwan da ake ƙara mata ta jijiya ba abinci ba ne. Ta ce in likita ya dawo Alhamis mai zuwa ya tarar ba ta fara ci ba, za a mayar da ita birni a sa mata roba ta hanci, a can za ta zauna.

"A can har yaushe?"

Ta shafa katifar da tafin hannu.

"Akwai inabi daga nan zuwa birni?"

"Babu, Kaka."

Ta ce keken yana nan. Na ce ta tashi daga kan gadon.

Juma'a, da hantsi

Tsakanin benci da famfo akwai dirka guda da ta ruɓe a gindi. Nasko ya sani. Kowa ya sani.

Juma'a, da yamma

Zan rubuta yadda aka yi, don kada Tanyo ya ƙara gishiri.

Na kama dirkar, ta biyo ni. Na tsinci kaina kwance a gefen hanya, fuska sama. Ban ji zafi ba. Ƙasa da sanyi. Na ga gajimare, na ga waya. Na ce bari in tashi, sai na ga ban san ta inda ake farawa ba. Hannu ya tura, ƙafa ba ta amsa ba. Na bari. Na kwanta kawai.

Ita Tsonka ta fi haka daɗewa a ƙasa, ranar Asabar ɗin nan. Tsakanin gado da ƙofa. Takalminta ɗaya ya cire. Idonta yana kaina, ni kuma ina cikin kujerar, ina turawa, ina turawa. Murya ce kaɗai ta tashi.

Ba wannan zan rubuta ba.

Ƙwas ƙwas, sai ga Tanyo a kaina.

"Ranka ya daɗe, hutawa ake yi?"

"Jijiyar inabin nake dubawa."

"Da ƙeya?"

Ya juya ya kira Desi, muryarsa kamar usur ɗin jirgi. Ta zo da gudu, ta tattaɓa ni, ƙugu, wuya, kai. Na miƙa mata hannu ta ja ni. Ba ta karɓa ba. Ta durƙusa a gefena.

"Ba zan ɗaga ka ba, Kaka Dobri. Juya ta gefe. Yawwa. Yanzu gwiwa da hannu, kamar jariri. Rarrafa zuwa benci."

"Ni? A gaban wannan?"

"Na rufe ido," in ji Tanyo. Bai rufe ba.

Na rarrafa. Na dafa benci, ƙafa ɗaya a gaba, ta ce tura, na tura. Na zauna. Tafin hannuna ya goge, jini kaɗan.

Ta ce dole ta gaya wa babbar nas, kuma in ta gaya mata an hana ni fita ke nan, almakashi ma an karɓe. Sai dai in zan riƙa zuwa wurin ƙwallo da hantsi, to sai ta ce a wurinta nake, ita ke kula da tafiyata.

Na ce wannan ai fashi ne.

Ta ce, "Eh."

Asabar, da hantsi

Na je. Na zauna a baya. An ba ni ƙwallo na ajiye a ƙasa. Rediyo yana ta waƙar 'yan birni.

Daga ƙarshe ta ce kowa ya tashi daga kujera ba tare da dafawa ba. Matso bakin kujera. Ja ƙafa baya. Sunkuyo har hanci ya wuce yatsun ƙafa. Sannan tashi. Wata tsohuwa mai shekara kusan casa'in ta miƙe kamar an ja ta da igiya. Ni na tashi rabi na koma.

Ba wanda ya yi dariya. Gara a ce sun yi.

Lahadi, da yamma

Nasko ya kafa sabuwar dirka, a karkace. Na wuce famfo.

Inabin ya fara ɗiga. Duk inda na yanka jiya, yau ruwa ne ke tsattsafowa a bakin, ɗis, ɗis, yana jiƙa ƙasa. Haka yake yi in an makara, ruwan jikinsa ya riga ya hau. Ba ya mutuwa. Amma bai kamata a kai shi ga haka ba.

Na rufe ƙofar ɗaki. Ni da kujerar. Hanci ya wuce yatsu. Ba motsa jiki nake ba, gwada ta nake, in ga ko ita ce ko ni ne.

Litinin, da safe

Rumyana.

"Baba, Desi ta gaya mini komai. Don Allah ka hau keken."

"Ina da aiki."

"Wane aiki? Mama ba ta ci, kai kana yankan itace! Kai ne za ta buɗe wa baki, kowa ya sani, kai ma ka sani. In aka tafi da ita ba ka gan ta ba fa? Taurin kan nan naka shi zai..."

Ba ta ƙarasa ba. Na ji tana hura hanci. A bayanta wata tsohuwa tana kiranta da yarensu.

Na ce, "Je ki, tsohuwarki tana kira."

Da na ajiye wayar na ga bai kamata in ce haka ba. Na riga na ce.

Litinin, da yamma

Ban kai ko'ina ba yau. Guda ɗaya, da ƙyar. Gwiwar dama ta kumbura.

Talata, da tsakar rana

Ruwa tun asuba. Ba fita.

Keken yana ajiye a lungu kusa da ɗakin cin abinci. Na tsaya a gabansa. Na taɓa hannunsa, roba ce, da sanyi. An ninke bargon a kan mazaunin. Wataƙila Rumyana ce da gaskiya. Wataƙila in ta gan ni a ciki ba za ta ce komai a ranta ba, wataƙila babu sauran wurin da za ta ce wani abu. Ban sani ba. Ba na jin komai game da shi, ko ta nan ko ta can. Kamar ƙafar da aka danne.

Tanyo ya wuce. Bai yi tsiya ba. Ya ce, "Gobe za a yi rana, gwiwata ta faɗa mini." Ya tafi.

In gobe ba a yi rana ba zan hau.

Laraba, da yamma

An yi rana.

Na sa ɓawon burodi da gutsuren cuku a aljihu daga abincin safe. Ban je wurin ƙwallo ba, Desi ba ta zo nema na ba, amma duk sanda na waiga tana can sama wai shanya tabarmin roba take yi.

Sauran inabin ban yi musu aski na kirki ba, gaskiya. Na cire abin da ya tare hanya na wuce. Na ƙarshen yana jikin bangon Gangare, daidai ƙarƙashin wata taga. Na tsaya ina askinsa sosai, shi kam ido biyu ido biyu, ban ɗaga kai ba. Da babu sauran abin yanka sai na ɗaga.

Gadonta ne a jikin tagar. Daga nan ana ganin jerin tun daga famfo.

Nas ɗin wurin ta buɗe mini ƙofa. Ta ce, "Kai ne mai almakashin? Tun ranar Lahadi ba ta bari a ja labule. In na ja sai ta yi ta bugun ƙarfen gado."

Na shiga da ƙafata. Na dafa ƙofa, na dafa bango, amma da ƙafata.

Ta rage. Bakin ya koma gefe guda. An yanke mata gashi. Wuyan hannunta babu zare, a asibiti sun cire sun sa nasu na roba. Ta dube ni tun daga takalmi har hula, a hankali, yadda take duba ni in za mu coci.

Na ce, "Ke tsohuwa."

Nas ta turo mini kujera ta fita. Irin ta ɗakinmu ce sak, mutum ɗaya ya ƙera su. Ƙafafuna ba su tambaye ni ba, suka zauna.

Ta motsa baki, ta sake motsawa. Na kai kunne.

"Ka... makara."

Na ce na sani.

Ta juya ido wajen taga, inda reshen ke ɗiga.

Na ce, "Wannan laifin Nasko ne."

Ɓarin bakin da ke aiki ya ɗan motsa.

Sai ta kai ido kan tebur, can jikin ɗaya bangon. Butar ruwa da kofi. Ta dube su, ta dube ni. Leɓenta duk ya tsage. Ba kowa a ɗakin sai wata tsohuwa mai barci. Zan iya kiran nas. Murya ina da ita, ranar ma ina da ita.

Na matso bakin kujera. Na ja ƙafa baya. Na sunkuya har na ga igiyar takalmina a ƙarƙashin hancina. Na tashi rabi na tsaya a nan, kujerar tana ja na ta baya. Idonta yana kaina kamar ranar.

Na miƙe.

Na je na zuba. Rabi ya zube a hanya. Na tallafo kanta, ta sha, wani ya bi gefen baki na goge da hannun riga. Ta ƙara sha.

Na roƙi nas ruwan zafi a kwano, na marmasa burodin da cukun a ciki, yadda take yi mana da sanyi. Ta karɓi cokali, ta karɓi wani. Na gaba ta datse baki. Nas ta ce a bar ta haka, ta fita da sauri tana kiran wata.

Da zan tafi ta kama zaren hannuna da yatsu biyu, tana ja.

Na ce, "Ban ga shamuwa ba."

Ta juya ido. Turken lantarkin yana nan daidai tagarta, sheƙar kamar kwandon girbi, su biyu a tsaye a ciki.

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, ita ta ɗaure. Na sa almakashi. Da na fita na ɗaura shi a reshen da ke ƙarƙashin tagar, na ɗaure tam.

Hawa ya fi sauka wuya. Na bi dirka dirka har famfo, ban waiga ba, ban sunkuya ba. A bayan famfo Desi tana tsaye da keken. Daga nan ba a hango mutum ta tagarta, na duba tun ina ciki.

Na ce, "Ban da bargo."

Ta ce, "Ban da bargo, Kaka."

Alhamis, da tsakar rana

Na sauka da safe. Ta ci kaɗan, ta tofar da kaɗan.

Likita ya zo da jakarsa. Ya ce a ƙara ganin mako guda. Motar ta tafi babu kowa a baya.

Tanyo ya ce tun da aski ya ƙare, yanzu wace ƙarya zan yi. Mutumin jirgi ne, bai san komai ba. Bayan aski akwai ɗaure rassa a jikin waya, bayan ɗauri akwai cire toho, sannan kaftu, sannan feshi. Inabi ba ya ƙarewa.

An kawo miyar wake. Babu gishiri.

Na ce wa Desi ta nemo mini igiya. Gobe daga sama zan faro.